Sunayen da Muke Tsallakewa: Ƙasarmu Ce da Ma'aikatan Bayan Fage a Tarihin Fim ɗin Hausa

A gidan kallon da na taso ina zuwa a Tudun Jukun, ba a taɓa barin fim ya ƙare da kansa ba. Da zarar an cafke ɓarawo ko an harbe bos, allo ya yi baƙi, sunaye sun fara hawowa daga ƙasa, sai mai gidan kallon ya miƙa hannu ya zare faifai. Yana da hujjarsa. Man janareta yake tattali, ga kuma wasu yaran a bakin ƙofa riƙe da kuɗinsu suna jiran a shiga zagaye na biyu. Mu ma ba mu taɓa yin ƙorafi ba, domin abin da ya kawo mu mun riga mun gani. Muna fita za mu kama musu a kan wanda ya fi iya faɗa tsakanin jarumi da bos, mu kwaikwayi tafiyarsu da muryarsu har mu isa gida. Waɗancan sunaye da ake kashewa a kansu, waɗanda muke kira kastin, ba mu ɗauke su a bakin komai ba.

Sai da na girma na fahimci cewa ba yaran unguwarmu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Haka aka rubuta mafi yawan tarihin fim ɗin Hausa: an riƙe fuskoki, an saki hannaye. Wannan maƙala ƙoƙari ce ta komawa kan waɗancan hannaye, ta hanyar bin nau'in fim guda ɗaya, wato fim ɗin laifi da bin sawu, irin wanda ake aikata kisa ko sata ko zamba a cikinsa, sa'an nan a riƙe numfashin mai kallo har zuwa lokacin da asiri zai tonu. Na zaɓi wannan nau'i ne domin shi ne wanda farin jinin ɗan wasa ba ya iya ceto. Fim ɗin soyayya yakan tsira da kyakkyawar fuska da waƙa mai daɗi ko da sauran aikin ya yi rauni. Fim ɗin bin sawu kuwa gaba ɗayansa lissafi ne na abin da za a nuna da abin da za a ɓoye, da kuma daƙiƙar da za a yi kowanne. Wannan lissafi a hannun marubuci yake, da mai ɗaukar hoto, da mai haske, da mai sauti, da mai tacewa, da wanda ke lura da ci gaban shiri.

Misali ɗaya daga Amurka ya isa. A fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a 1960, fitowar da duniya ta fi tunawa ita ce ta kisan da aka yi a banɗaki. Hitchcock da farko ya so a bar wurin ba kiɗa. Bernard Herrmann, mai tsara kiɗan fim ɗin, shi ya rubuta waccan ƙara ta goge mai tsaga kunne, darakta ya ji, ya sauya ra'ayi. George Tomasini ne ya yanka hotunan gunduwa-gunduwa har mai kallo ya rantse ya ga abin da ba a nuna masa ba. Bayan an gama komai, matar Hitchcock, Alma Reville, wadda ta fara aiki a ɗakin tacewa tun zamanin fim marar magana, ita ta lura cewa Janet Leigh ta haɗiyi yawu alhali tana kwance a matsayin gawa, aka gyara kafin a saki fim ɗin. Da ido ɗaya bai kama wannan ba, da gawa ta yi motsi a gaban miliyoyin mutane.

Labarin laifi da hukunci ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Tun kafin zuwan kyamara, samarin ƙauyuka sukan yi wasan kalankuwa bayan kaka, su naɗa sarki da alƙali da 'yan doka a tsakaninsu, a kama mai laifi na wasa, a gurfanar da shi, a ci shi tara. Ko a nan akwai rabon aiki: wani ya nemo kayan sawa, wani ya share fili, wani ya gayyato makaɗa. Da boko ya zo, Zariya ce ta zama gidan ɗab'in Hausa. A nan Rupert East ya jagoranci Hukumar Talifi, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda gininsa ke maƙwabtaka da unguwarmu. Cikin ƙagaggun littattafai biyar na farko da suka fito a tsakiyar shekarun 1930 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Duk wanda ya karanta shi ya san tsarinsa na fim ɗin bin sawu ne tun ba a san fim ba: mai kuɗi ya ƙwace wa talaka budurwa, talaka ya ɗauki fansa ta hanyar lalata ɗan da aka haifa, yaron ya zama ɓarawo, ya kashe mahaifinsa cikin rashin sani. Mai karatu ya san abin da yaron bai sani ba, kuma wannan sanin ne ke hana shi ajiye littafin. A 1982, daga wannan gari dai, kamfanin NNPC ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma da gungunsa na 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci. Ke nan marubucin labarin laifi ya riga kowa isowa.

Ma'aikacin fim na farko da talakan Arewa ya sani kuwa ba darakta ba ne, ba kuma ɗan wasa ba. Mai sharhin majigi ne. A zamanin Turawa da na gwamnatin Jihar Arewa, motar majigi takan shiga gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a nuna fina-finan tsabta da noma da labaran gwamnati. Mutum guda ne ke riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani, yana ƙara gishiri inda labari ya yi lami, yana sa dariya inda Bature bai nufa ba. A aikace shi ne marubuci na biyu, shi ne kuma muryar kowane ɗan wasa. Tare da shi akwai direba da mai kula da injin haska fim. Aikin mai injin ba wasa ba ne, domin wani nau'in zaren fim na wancan zamani yana kama wuta kamar ƙirare. Gobarar silimar El Duniya a Kano a 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta bar tabo a zukatan mutane game da silima da duk wanda ke aiki a cikinta.

Daga sashen fim na gwamnatin Arewa aka samu Adamu Halilu, wanda a 1976 ya mayar da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, aka nuna shi lokacin bikin FESTAC na 1977. Kafin nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mayar da littafin wasan kwaikwayo, kuma Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shehu Umar. Sa'an nan gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato suka horar da wani rukuni na masu kyamara da masu sauti da masu tacewa, ma'aikatan albashi waɗanda kowannensu ya san iyakar aikinsa. A gabansu ne 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da ɗan Zazzau Ƙasimu Yero suka yi suna. Ƙasimu Yero ya yi Karambana, ya fito a Magana Jari Ce na talabijin, sa'an nan 'yan Nijeriya da ba su jin Hausa suka san shi da Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn. Ya nuna cewa mugun hali a fim ba ya buƙatar ihu ko zare ido. Kallo ɗaya ta wutsiyar ido ya wadatar, muddin mai kyamara ya san lokacin da zai matso.

Sai dai fim ɗin da nake ganin ya fi cancanta a tsaya a kansa ba daga talabijin ya fito ba. Tushensa na Samaru ne. A tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, aka gina wa sashen dandali da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, wanda Steven Ehrlich ya zana. Malamai da ɗaliban wannan sashe, cikinsu har da Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah da Saddik Ɓalewa, ba su tsaya a cikin jami'a ba. Sukan fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma, su saurari abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, sa'an nan a haɗu a gina wasa a kai, a yi shi a dandalin ƙauyen. Lokacin kuwa maganar gona ce a bakin kowa. An kafa Dokar Mallakar Ƙasa a 1978, manyan ayyukan noma da madatsun ruwa suna cin gonakin talakawa, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakinsu.

Saddik Ɓalewa, ɗan marubucin Shehu Umar, ya wuce Ingila ya karanci aikin fim a makarantar fim da talabijin ta ƙasar da ke Beaconsfield. A 1991 ya fito da Ƙasarmu Ce. Labarin na wani attajiri ne da ya gano akwai duwatsu masu daraja a ƙarƙashin gonakin wani ƙauye, ya shiga sayen ƙasar ba tare da ya faɗa wa masu ita abin da ke ciki ba. Dattijon da ya tsaya masa a gaba aka kashe shi, nauyin bin sawu ya faɗo a kan jikansa. Masu rubutu a kan fina-finan Afirka sukan kira shi fim ɗin siyasa mai riƙe numfashi, kuma haka ne. Amma a ganina ƙanshin Bomo da Maska ne ke tashi daga cikinsa: mai laifin ba ɗan fashi ba ne da ke tare hanya da dare, mutum ne mai babbar riga da takardu, wanda ake durƙusa wa a gaishe shi. Tsakanin Jiki Magayi da Ƙasarmu Ce akwai fiye da shekara 50, amma tambayar ɗaya ce, wato me talaka zai yi idan wanda ya zalunce shi ya fi ƙarfin shari'a.

An ɗauki fim ɗin a kan zaren silima mai faɗin milimita 16, kuma wannan ƙaramin bayani shi ne zuciyar batuna. Wanda ya saba da kyamarar waya ba zai gane abin da wannan ke nufi ba sai an warware masa. Naɗi ɗaya na zaren, mai tsawon ƙafa 400, kimanin minti 11 kawai yake ɗauka, domin kyamara na cin hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ba a gogewa a sake. Abin da aka ɗauka ya ɗauku, kuɗinsa ya tafi, kuma da kuɗin waje ake sayensa. Akwai mutumin da aikinsa shi ne ya zura hannuwansa cikin baƙar jaka ya ɗura zaren a cikin kyamara da lalube, ba tare da ya gani ba, domin ɗigon haske ɗaya zai ƙone aikin yini guda. Akwai wani da ke auna tazarar da ke tsakanin idon kyamara da fuskar ɗan wasa da tef ɗin awo, ya riƙa murza idon yayin da ɗan wasan ke tafiya, don kada fuskar ta dushe. Kyamarar ba ta ɗaukar murya, saboda haka mai sauti na gefe da na'urarsa daban, galibi Nagra, yaronsa na ɗage da doguwar sanda mai makirufo a kan 'yan wasa, yana kaffa-kaffa kada inuwarta ta faɗo cikin hoto. Allon nan da ake kaɗawa kafin kowace fitowa ba ado ba ne. Ƙararsa ce mai tacewa zai nema a kan tef, ya daidaita ta da hoton da bakin allon ya haɗu, sa'an nan magana ta hau kan leɓe.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne babu wanda zai ga abin da aka ɗauka a ranar. Sai an kai zaren ɗakin wanki, kuma masu fim na Nijeriya a wancan zamani galibi Landan suke kaiwa. Don haka dole a samu mai ci gaban shiri, wanda 'yan fim ke kira kwantiniti, ya zauna kusa da kyamara da littafinsa yana rubuta komai: a wane hannu aka riƙe wuƙa, hula ta karkata dama ko hagu, jinin da ke jikin riga ya kai ina, fitilar ɗaki a kunne take ko a kashe. Ba a ɗaukar fim bisa jerin labarinsa. Ana iya ɗaukar jana'iza ranar Litinin, a ɗauki kisan ranar Alhamis ta mako mai zuwa. A fim ɗin soyayya, idan ɗankwali ya sauya launi tsakanin ɗaki da tsakar gida, dariya kawai za a yi. A fim ɗin bin sawu mai kallo ɗan sanda ne, kowane abu shaida ce a wurinsa, kuma idan wuƙa ta koma hannun hagu zai ɗauka da gangan aka yi, ya bi sawun da ba ya zuwa ko'ina.

Haka nan mai haske. Dare a ƙauyen da ba lantarki baƙi ƙirin ne, zaren fim kuwa ba ya gani a duhu. Aikinsa shi ne ya ƙirƙiri duhun da ake gani a cikinsa, ya haska rabin fuska ya bar rabi, ya sa mai kallo ya yarda cewa aci-balbal ce ko farin wata. Tsadar zaren ita ta tilasta wannan tarbiyya gaba ɗaya. Ba a kunna kyamara sai an rubuta labari har ƙarshe, an yi gwaji, kowa ya san inda zai tsaya. Ɗan wasa ma a irin wannan aiki ma'aikaci ne cikin ma'aikata: zai taka daidai alamar da aka yi masa a ƙasa, ya maimaita motsi iri ɗaya sau uku ko huɗu ba bambanci, don mai tacewa ya samu inda zai haɗa.

To amma wa ya kalli Ƙasarmu Ce? Ya zaga bukukuwan fina-finai a ƙasashen waje da sunan This Land Is Ours, ya shiga littattafan masana. A gida kuwa ya iso a makare. Tun 1986 shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sayen zaren fim da wanke shi a waje ya gagari kowa. Gidajen silima sun saba da fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka masu arha, ba su da dalilin yin caca da fim ɗin gida. Ni kaina a Zariya aka haife ni, ban taɓa jin sunan fim ɗin ba sai a ajin jami'a, alhali Samaru da Tudun Jukun kuɗin mota ɗaya ne.

Shekara guda kafin fitowarsa, a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari na cikin 'yan wasa. Sunan ne kawai ya yi daidai da na littafin Sulaiman Ibrahim Katsina. Wannan kaset, wanda ya riga Living in Bondage na kudu da shekara biyu, shi ya buɗe ƙofar da ta zama masana'antar da aka laƙaba wa Kannywood a ƙarshen shekarun 1990. Abin da Ƙasarmu Ce ya rasa shi bidiyo ya samu, wato jama'a. Matan aure a cikin kulle, waɗanda silima ta haramta gare su, suka samu fim a cikin ɗakunansu da harshensu. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai raina shi bai san tarihi ba.

Sai dai abin da bidiyo ya bayar da hannun dama ya karɓe wani da hagu. Kaset yana da arha, ana gogewa a sake, kyamara na ɗaukar hoto da murya lokaci guda, kuma ana ganin abin da aka ɗauka nan take. Duk dalilan da suka tilasta rabon aiki suka faɗi. Mutum ɗaya ya iya zama furodusa da marubuci da jarumi, abokinsa ya riƙe kyamara. Sau da yawa ba a rubuta magana, sai dai a gaya wa 'yan wasa abin da fitowa ta ƙunsa su zuba daga ka, gadon da aka ɗauko daga ƙungiyoyin dirama. Wannan salo yana haifar da raha da hira mai rai, shi ya sa barkwancin Hausa ya yi ƙarfi. Amma ba ya haifar da fim ɗin bin sawu, domin ɗan wasan da ke magana daga ka ba zai san wace kalma ce za ta tona asirin da ake ɓoyewa sai fitowa ta arba'in ba.

Kasuwa ta ƙara nata. A tsarin da aka daɗe ana bi, furodusa yakan buga kwalin fim ne ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su kwafi kaset ɗin su sa a ciki. Ribarsa a kan kwali take, kuma abin da ke sayar da kwali shi ne fuskar da ke jikinsa. Bayan nasarar Sangaya a 1999 sai waƙa ta zama ta biyun fuska. Kuɗin da ke akwai ya tafi ga jarumi da mawaƙi da mai kiɗan fiyano, mai sauti da mai haske suka koma 'yan a-taimaka. Ba laifin mutum ɗaya ba ne, lissafin kasuwa ne. A Indiya ma, wadda muka koyi abubuwa da yawa daga gare ta, sai da marubutan nan biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, suka ɗauki hayar mai fenti ya bi fastocin Zanjeer a titunan Bombay a 1973 yana buga sunayensu, domin ba a saba sa sunan marubuci ba. Su ne bayan shekara biyu suka rubuta Sholay, suka ƙagi Gabbar Singh, bos ɗin da har yau iyayenmu ke ambato. Mun riƙe sunan Amjad Khan da ya hau matsayin, kaɗan ne cikinmu suka san waɗanda suka sa masa magana a baki.

Wannan tarihi yana da nauyi a yau fiye da jiya, domin laifi ya bar allo ya shigo gida. A Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a nan Zariya suka kwashi ɗalibai da malamai. A Satumbar 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa fargabar cewa matasa na koyo daga gare su. A 2022 rundunar 'yan sanda ta ƙasa ta ja kunnen masu fim a kan sa kakinta ba da izini ba. Ban ɗauki fargabar hukumar a matsayin shirme ba. Na ga fina-finan da suka mayar da ɗan daba gwarzo, aka ɗauke shi daga ƙasa don ya cika allo, aka sa masa kiɗa mai tashe, aka rage gudun hoto yayin da yake zare wuƙa, har yaran layinmu suka riƙa kwaikwayon takunsa. Amma a duba abin da na lissafa: inda aka ajiye kyamara, kiɗan da aka zaɓa, gudun da mai tacewa ya ba hoton. Babu ɗaya da ke cikin labarin kansa. Fitowa ɗaya ta ƙwacen waya tana iya zama darasin ƙwace, tana kuma iya zama abin da zai sa mai kallo ya ji tsoron yarinyar da aka tare a lungu, gwargwadon fuskar da kyamara ta zauna a kai. Hukuma ta hana jigo, alhali cutar a hannun ma'aikata take, maganin ma haka. Da irin wannan doka ta faɗa kan kisa da zamba a 1991, da Ƙasarmu Ce bai wuce teburin tacewa ba.

Ɗan wasan da ke hawa matsayin mugu shi ya fi kowa ɗanɗana wannan ruɗani. Shi ake gani, don haka shi ake zagi a kasuwa, shi ake nuna wa yara a ce ga azzalumin nan, wani lokaci har maganar aure takan lalace a kansa. Wanda ya rubuta muguntar da wanda ya haska ta suna wucewa ta gefensa ba wanda ya san su. Rashin suna ya hana su lada, ya kuma kare su daga tuhuma, kuma ina ganin duka biyun asara ce.

Akwai alamun cewa rabon aiki na dawowa, kuma ta ƙofar talabijin ya sake shigowa, kamar yadda ya fara. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ɗauki marubuta irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, waɗanda suka fito daga duniyar littafi, ta zaunar da su su tsara labari kafin a kunna kyamara. Shirin Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019 ƙarƙashin umarnin Salisu T. Balarabe, ya riƙe masu kallo zango bayan zango da maguɗin zaɓe da kisa da binciken 'yan jarida, ba tare da ya jingina da rawa da waƙa ba. Shiri mai dogon zango ba ya yiwuwa sai da mai ci gaban shiri, domin abin da aka shuka a kashi na uku dole a girbe shi a na goma sha uku, kuma masu kallo a YouTube suna iya komawa baya su kama kuskure. Abin da tsadar zare ta tilasta a da, yanzu idon jama'a ne ke tilasta shi.

Ƙasimu Yero ya rasu a Satumbar 2017, Samanja ya bi shi a Nuwambar 2023, kuma jaridu da gidajen rediyo sun yi musu ta'aziyyar da ta dace da su. Tsararsu na bayan kyamara, waɗanda suka ɗauki Karambana da Magana Jari Ce, da waɗanda suka ɗaga sandar makirufo a Ƙasarmu Ce, su ma shekarunsu ke nan. Ɗaliban sashen Hausa da na wasan kwaikwayo a Samaru suna rubuta kundaye duk shekara a kan jigo da salo da tauraro. Kundi ɗaya a kan mai tacewa ɗaya na tsohon gidan talabijin na Kaduna, a zauna da shi da rikoda a tambaye shi yadda ake yanka fitowar kisa a zamanin da ba kwamfuta, kuɗin motar Zariya zuwa Kaduna kawai zai ci.